Ba Za a Juya Motar Baba Ba

A garinmu, idan mota mai giyar otomatik ta fara ciwo, ba a tsayawa tambayar abin da ke damunta. Juya ta ake yi. A sauke giyabos ɗin da ta zo da shi daga Kwatano, a ɗora na manuwal, a huda ƙasa a dasa kuloci, shi ke nan ta zama motar da kowane bakanike ya sani. Tun ina ƙarami nake ganin haka a Bagudo, kuma ban taɓa ganin laifin abin ba sai da ya zo kan motar mahaifina.

Baba ya yi shanyewar ɓarin jiki ina shekarar farko a kwaleji, inda nake karatun lantarki. Hannunsa na hagu ya dawo, magana ta dawo, ƙafar hagu ce ta ƙi. Tana kai shi masallaci da sanda, amma ba ta iya danna kuloci. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana kai shinkafa kasuwannin bakin iyaka da kansa ya koma jiran wanda zai kai shi. In yana son zuwa gonarsa ta fadama, sai ya aika gidan yayansa, wanda muke kira Baffa, a tambaya ko ɗansa yana da sarari. Na sha ganin Baba ya yi wanka ya sa hula ya zauna a ƙofar gida tun hantsi, har a kira azahar, ya tashi ya cire hular ya shige ciki.

Da ya sayar da tsohuwar a-kori-kurarsa ya sayi 'yar otomatik, jiran ya ƙare. Ƙafar dama kaɗai motar ke buƙata. Ba ya gudu, ba ya nisa. Gona, kasuwa, gaisuwar rasuwa a Bahindi ko Matsinkai. Amma ya daina aikawa gidan kowa.

Da daminar da na zo hutu motar ta lalace. In ya sa giya sai ta yi tsalle kamar an tokare ta ta baya, sannan ta tashi da ƙyar kamar tana jan kaya. A kan kwalta ba ta canza giya, inji ya yi ta kururuwa mota na rarrafe. Wata fitila ruwan ɗorawa ta kama a dasbod. Mai garejin da Baba ke zuwa, abokinsa tun suna samari, ya zagaya da ita sau ɗaya ya ce giya ta mutu, a juya. Baffa ya ce madalla, dama bai taɓa yarda da motar da ke yi wa kanta tunani ba. In an juya ta, ɗansa zai riƙa tuƙa Baba, marar lafiya kuma ya huta.

Ba mugunta ba ce. Baffa na tsoron ranar da za a zo a ce masa ƙaninsa ya faɗa rami. Baba ya sunkuyar da kai. A gidanmu ƙane ba ya mayar wa yayansa magana, ko da gemunsu duka biyu ya yi fari.

Ni kuwa mutum ne da ko gaisuwa a cikin taro sai na shirya ta a zuciyata kafin in faɗa. A makaranta kujerar baya nake zama. Ranar da aka kai motar gareji na bi su ne kawai don in riƙe wa Baba sanda. Mai gareji ya ɗora ta kan rami, ya ɗauko sifana. Sai na ji muryata, ƙasa-ƙasa.

"Kada a sauke giyabos ɗin tukuna."

Baffa ya waiwayo. "Mi kac ce?"

"Na ce kada a sauke, Baffa. Ba a duba ba."

"Wa za shi dubawa? Kai?"

Mai gareji ya yi dariya ya goge hannu a wandonsa. "Alhaji, bar Injiniya shi gwada. In giyag ga ta ji Turanci ƙila ta tashi."

Na fara da abin da ba ya buƙatar na'ura. Na zaro sandar awon man giya na goga a farin ƙyalle. Man ja ne, bai ragu ba, ba ya warin ƙuna, babu ɓarɓashin ƙarfe a ciki. Giyar da ta ci kanta ba ta barin mai haka. Sannan na ɗauko wata 'yar na'ura da abokin karatuna ya ara mini, wadda ake soka wa a ƙarƙashin sitiyari ta haɗu da wayar hannu, ta faɗi abin da kwamfutar motar ke ƙorafi a kai. Ƙorafi ɗaya ne: sensar da ke auna ƙarfin man giya tana kawo labarin da hankali ba zai ɗauka ba.

Na yi musu bayani ina kallon ƙasa. Giyar otomatik da ƙarfin mai take aiki. Sensa ɗan aike ne, shi ke gaya wa kwamfuta yadda ƙarfin yake. In kwamfuta ta daina yarda da ɗan aikenta, sai ta kulle mota a giya ɗaya don kada a yi ɓarna. Ko dai ƙarfin ne ya faɗi da gaske, ko wayar wutar sensar ce, ko ɗan aiken ne ke ƙarya.

Na shiga ramin na bi wayar har soket. Da na zare shi, laka ce busasshiya a ciki, ƙarafan sun yi kore. Baba da injin ban ruwan gonarsa yake wanke mota. Duk manoman fadama haka suke yi: in an gama ba shinkafa ruwa, sai a juya bakin tiyo kan mota, sama da ƙasa, har cikin inji. Na kankare koren, na busar, na auna da mita na ga wuta na isa yadda ya kamata. Na share ƙorafin daga kwamfuta. Baba ya zagaya da ita har bakin kasuwa ya dawo, tana canza giya sumul. Mai gareji ya ɗaga mini hula. Na koma gida ina jin kaina wani iri.

Washegari aka yi rasuwa a Zagga. Baba na tuƙi, Baffa a gaba, ni a baya. Mun yi nisa, inji ya yi zafi, sai motar ta yi wannan tsallen, fitilar ta kama. Muka ci gaba da rarrafe. Babura ɗauke da jarkoki suna wuce mu. Wani Bafillace a kan keke ya jera da mu na ɗan lokaci, ya gaishe mu ta taga.

"Injiniya," in ji Baffa ba tare da ya waiwayo ba, "ko in sauka in tura? Kada a yi addu'ar bakwai muna hanya."

Ina kallon ƙeyar Baba. Wuyansa ya jiƙe da gumi, hannayensa biyu a kan sitiyari.

Kafin mu dawo Baffa ya buga waya an kawo giyabos na manuwal daga tsallaken iyaka. Da safe na tarar da shi a ƙofar gareji a kan tsohuwar taya, baƙi ƙirin, motar Baba kuma a kan rami. Baffa da Baba suna zaune a benci ƙarƙashin dogon yaro. Ban gaishe da kowa yadda ya kamata ba. Na sauka cikin ramin, na zauna daidai ƙarƙashin giyar, na naɗe ƙafa.

Mai gareji ya leƙo. "Injiniya, fito, aiki za mu yi."

"Ba zan fito ba."

"Abin ga in ya sauko kanka, sai dai a kwashe ka a buhu."

"To, kada a sauko da shi."

Na ji takun Baffa. Ƙafafunsa kawai nake gani, da bakin rigarsa. "Jiya ba ka ga iyakar bokonka ba? Ubanka na zaune, ni ina zaune, kai ad da magana?"

Ruwan sama da baƙin mai sun taru a ƙasan ramin, sun jiƙa mini wando. Na ce, "Baffa, ka yi haƙuri. Shekaranjiya abu ɗaya na kawar, wato wayar wuta, saura biyu. In aka dasa kuloci a motan nan Baba ba zai sake tuƙa ta ba. Kowa a nan ya san haka, ba wanda ya faɗa."

Na jira Baba ya ce in fito, domin da ya ce, da na fito. Bai ce ba.

Mai gareji ya tsuguna a bakin ramin, ya daina dariya. "Mi kake so?"

Na ce geji nake so, na allura, wanda za a ɗaura a jikin giyar kai tsaye ya auna ƙarfin man ba tare da ya bi ta waya ba. In allura ta faɗi lokacin da mota ta yi zafi, giyar ce ta mutu, ni da kaina zan riƙe sifana a sauke ta. Ina faɗa ne alhali ban san abin da allurar za ta nuna ba. Man zai iya zama ja, famfon ciki kuma ya gaji.

Babu irin wannan geji a garejin motoci a garinmu. Mai gareji ya yi tunani, ya hau babur ya tafi wurin wani mai gyaran tarakta, ya dawo da nasa. Bakinsa bai yi daidai da ramin giyar ba. Ya ɗauko wani tsohon noti ya huda, ya liƙa da wuta, ya goge, ya gwada, ya sake gogewa. Da ni ne da na tsaya nan. Sai da azahar ta wuce abin ya zauna ba ɗigo.

Muka ɗaga ƙafafun motar na gaba, Baba ya shiga ya tayar da ita. Na jingina wayata kusa da gejin don a ga su tare. Da sanyi bakinsu ɗaya. Muka jira zafi. Mai shayin da ke gefe ya bar teburinsa ya zo, masu faci ma suka zo. Fanka ta kama. Sai lambar da ke kan waya ta fara hauka, ta yi sama, ta faɗo ƙasa warwas, ta sake tashi. Motar ta yi tsalle, fitila ta kama. Allurar gejin kuwa tana nan inda take, ko motsi.

Mai gareji ya daɗe yana kallonta. Ya ƙwanƙwasa gilashin da farce, ko ta maƙale. Ya ce Baba ya taka totur, allura ta hau a hankali, ya saki, ta sauko.

"Giyar lafiyarta lau," ya ce. "Ɗan aiken naka maƙaryaci na. In ya ji zafi sai shi fara sambatu."

Sabuwar sensa sai Birnin Kebbi ko Sakkwato, in ma an samu. Mai gareji ya ce in biyo shi. A bayan garejin, cikin ciyawa, giyabos-giyabos ne na otomatik da aka sauke shekara da shekaru, a jibge, kaji na ƙwai a tsakaninsu. Muka yi ta juya su da ƙarfe muna neman irin na Baba. Sensar farko da muka kwance ta fi tamu lalacewa. Ta biyu, daga wani da kunama ta fito a ƙarƙashinsa, da muka ɗaura ta sai ta bi allura sau da ƙafa, da sanyi da zafi. Na naɗe soket ɗin da roba na ɗaure.

Baffa bai sauko ba. Ya tashi ya kaɗe rigarsa ya dubi ƙaninsa. "Ta gyaru, na ji. Ƙafar fa? Ita ma yaron ga ya gyara ta? Mutum da ƙafa guda shi riƙa yawo a hanya, in saniya ta gitta fa?"

Baba ya sunkuyar da kai kamar yadda ya saba. Sannan ya ce, a hankali, "Yaya, da ta dama ake taka birki."

Ban taɓa jin ya mayar masa da ko da wannan ba. Baffa ya hau bayan babur ɗin ɗansa ya tafi. Har hutun ya ƙare bai amsa gaisuwata ba. Kullum da safe nakan je in durƙusa a zaurensa in gaishe shi, ya dubi bango, in tashi. Ban ba shi haƙuri a kan zaman da na yi cikin ramin ba, har yau.

Ranar gyaran, da la'asar, muka fita gwaji, ni da Baba, hanyar Bahindi. Ina riƙe da waya ina kallon lamba, shi yana kallon hanya. Mun wuce inda gidaje suka ƙare, gero ya rufe gefe da gefe. Inji ya yi zafi sosai. Giya ta shiga ta biyu, ta uku, ta ɗan yi jim, ta shiga ta huɗu, kukan injin ya kwanta. Na ci gaba da kallon lambar, ina jiran ta yi hauka. Ba ta yi ba.

Baba ya rage gudu, ya sauka gefen hanya kusa da wata rumfar masu babura.

"Cire abin naka," ya ce.

Na zare na'urar daga ƙarƙashin sitiyari.

"Sauka. Ka hau babur ka koma gida ka canza wando."

"Baba, gara in bi ka, ko da za ta sake."

"In ta sake, na san hanyar gida da giya ɗaya. Akwai wanda nake son gani a Bahindi." Ya miƙa hannu ta gabana ya buɗe mini ƙofa. "Ka ce wa uwarka kada a jira ni da tuwo."

Na sauka. Ya duba madubi, ya sa sigina ko da yake ba kowa a hanyar, ya hau kwalta.