Ƙarar Balan-balan a Sabon Tasha

A shekarar da nake karatun digiri na biyu a fannin injiniya, aikin da aka ba mu ni da ƙawata shi ne mu gwada gaskiyar wata manhaja, irin masu koyo daga misalan da aka ɗura musu. Kana ba ta tsawon ɗaki da faɗinsa, ka gaya mata da me aka yi bango da rufi, ka nuna mata inda mai magana zai tsaya, sai ta zana maka taswira mai launi: nan za a ji raɗau, nan murya za ta dusashe, can kuma amsa-kuwwa za ta cinye maganar. Sai dai ɗakunan da ta koya a kansu duk na ƙasashen waje ne, da yawansu ma ba a taɓa gina su ba, a cikin kwamfuta aka ƙirƙire su. Malaminmu ya ce mu nemi manyan ɗakuna irin namu, masu rufin kwano da daɓen siminti, mu auna da kayan aiki, mu kwatanta da abin da ta faɗa.

Ni 'yar Tudun Wada ce. Ƙawata kuwa a Sabon Tasha iyayenta suke, mahaifinta tsohon ma'aikacin masaƙa ne, kuma dattijo a cocinsu. Baba nake ce masa. A lokacin cocin na gina sabon ɗakin ibada a gefen tsohon, an rufa kwano amma ba a yi silin ba, tagogin ma ba a sa musu gilashi ba. Baba ya ce ba ya so a sayi lasifikoki a rataya su da ka, kamar yadda aka yi a tsohon ginin, shi ya sa ya nema mana izini wurin fasto.

Garin ba a kwance yake ba a watannin nan. Kullum sai an ji labarin an shiga wata unguwa ta bakin gari an ɗauki mutane, ko an tare hanya wajen Kakau. Da na gaya wa mahaifiyata inda za ni, sai ta ce in dawo kafin la'asar.

Mun isa da hantsi, ranar aiki ce, harabar ba mutane sosai. Maigadi ya buɗe jakunkunanmu, ya ga wayoyi da makirufo da kwamfuta, ya ga ledar balan-balan, ya yi dariya ya tambaya ko biki za mu yi. Ƙawata ta yi masa bayani. Idan kana son sanin halin ɗaki, ƙara ɗaya kake buƙata, gajeriya mai kaifi, wadda za ta bazu ko'ina lokaci guda, sai ka ɗauki yadda take mutuwa a kowane lungu. A wasu wuraren da bindigar fara tsere ake yi. Mu dai balan-balan da fil muka samu.

Muka ja tef muka auna bangaye, muka kafa makirufo a kan sanduna, ɗaya kusa da bagadi, ɗaya a tsakiya, sauran a baya. Wayoyinsu suka bi ƙasa suka haɗu a wani ɗan baƙin akwati mai jar fitila da ke kan tebur kusa da kwamfutata. A tsohon ginin, matan zumunta sun taru suna koyon waƙa, ana jin kiɗan tulu da muryoyinsu ta taga. Na lura da su, har na ce wa ƙawata sai mun jira sun tashi kafin mu ɗauki na gaske, don waƙar za ta shiga cikin awon.

Ana nan aka kira ta daga gida. Mahaifiyarta na tsaye a bakin shago, makulli kuma yana cikin jakar ƙawata. Ta ce yanzu za ta dawo, bayan layi ne kawai. Ta fita, na saura ni kaɗai a ginin.

Na ga gara in gwada ko makirufo suna ɗauka daidai kafin ta dawo. Na hura babban balan-balan ja, na kunna akwatin, na taka zuwa bagadi, na ɗaga shi sama da kaina na soka fil.

Ban taɓa jin irin wannan ƙara ba. A ɗakin gwajinmu na makaranta, ɗas yake yi ya wuce. Nan kuwa kwanon ya amsa, bangon baya ya dawo da ita, ta yi ta kai da kawowa a saman kaina kamar ba za ta ƙare ba. Manhajar ta ce ƙarar za ta mutu da wuri saboda tagogin a buɗe suke. Na koma da sauri na duba kwamfuta, na ga zanen ya ja doguwar wutsiya, ya wuce hasashenta nesa ba kusa ba. Daɗi ya kama ni. Na ɗauka ko kuskure ne, na hura wani na sake fasawa, na ƙara da wani a bayansa.

Sai da ƙarar ƙarshe ta lafa na ji waƙar matan ta tsaya. Daga nan sai ihu, da ƙarar kujeru suna kifewa, da gudun mutane a harabar. Wata murya tana cewa sun shigo, sun shigo. Ni ma tsoro ya kama ni, na durƙusa a bayan tebur ina neman inda zan ɓuya, don na ɗauka da gaske wasu ne suka shigo. Na ɗan jima a haka kafin na gane ni ce.

Na miƙe zan fita in yi bayani, sai na ga an riga an tare ƙofa. Maza ne, matasa da magidanta, daga garejin da ke tsallaken titi da shagunan kusa. Na gabansu dogo ne, sanye da kayan kanikanci, riƙe da ƙarfen kwance taya. Ya tsaya cak a bakin ƙofa, ya ware hannu ya hana na bayansa wucewa. Na ga idonsa ya bi wayoyin da ke ƙasa, ya kai kan baƙin akwatin da jar fitilarsa ke ƙiftawa, ya dawo kan hijabina.

“Kada ki motsa,” in ji shi. “Kada ki taɓa komai.”

Na ɗaga hannuwana. Na ce ni ɗaliba ce, balan-balan na fasa, Baba ne ya kawo mu, fasto ya sani. Na faɗi duka a numfashi ɗaya, da ƙarfi. Na ga ya karkata kai ya yamutsa fuska. Tsakanina da shi akwai tsawon ginin gaba ɗaya, kuma ina jin yadda kalmomina ke hawa kan juna, ta farko ba ta mutu ba ta biyu ta faɗa mata. Kafin su isa ƙofa sun zama hayaniya. Ya tambayi na kusa da shi me na ce. Wani ya ce ya ji ta ce ta fasa.

Tagogin suka cika da fuskoki. Kowa na magana, ginin yana ninka kowace murya. Na hango maigadin, ashe abinci ya je saye, yana kutsawa yana ɗaga hannu yana nuna yatsu biyu, wato mu biyu ne kuma shi ya bar mu muka shiga. Ba wanda ya saurare shi. Daga waje na ji wani yana cewa a fito da ita. Wani ya ce a'a, kowa ya ja baya, abin zai iya tashi.

Sai wayata ta fara ƙara a kan tebur, dab da akwatin. Waɗanda ke tagogin suka watse da gudu. Bakaniken bai gudu ba, amma ya ɗaga ƙarfen. Na san ƙawata ce take kira. Ina kallon wayar tana zamewa kaɗan-kaɗan a kan teburin har ta yi shiru, ta sake farawa. Ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina, a ciki, don ina tsoron kada a ga leɓena yana motsi.

Wata dattijuwa ce ta ratso ta ƙarƙashin hannun bakaniken. Tana sanye da zanen zumunta, ɗankwalinta ya zame, takalmi ɗaya ne a ƙafarta, gwiwarta na jini. Ya ce Mama ki dawo. Ba ta ko waiwaye shi ba. Ta taho a hankali, tana tsallake wayoyin, ta tsaya inda nake iya jin numfashinta.

“'Yata, me kika ce? Ban ji ba.”

Na sauke murya. Na faɗa mata kalma ɗaya-ɗaya, ina barin kowace ta faɗi ƙasa kafin in ɗauko ta gaba. Na ambaci sunan ƙawata da na mahaifinta. Na nuna mata bagadi da haɓata, don ban yarda in sauke hannu ba. Ta je ta sunkuya ta tsinci jar robar da ta yage, ta juya ta, ta ja ta da yatsu. Ta ɗauki ledar sauran balan-balan ɗin ta leƙa ciki. Ba ta yi murmushi ba. Ta koma har ƙofa ta sa robar a tafin bakaniken, ta yi masa magana a kunne.

Bai sauke ƙarfen nan take ba. Ya ce to akwatin fa, wa ya san abin da ke ciki. Ana cikin haka ƙawata ta iso, na ji muryarta tun daga waje tana kuka tana faɗa, Hausa da Turanci da yarensu duk a haɗe. Ta ture mutane ta shigo da gudu ta rungume ni, ta ɗauki akwatin ta zare wayoyinsa ta buɗe murfin batir ta nuna musu. Ba a daɗe ba Baba ya zo a kan babur, da silifas ɗin wanka a ƙafarsa.

Bai yi wa kowa tsawa ba. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya ce shi ya gayyato mu, kuma shi ne bai sanar da matan zumunta ba. Ya ce duk mai magana ya yi da shi. Wasu suka sunkuyar da kai suka tafi. Wasu suka tsaya suna cewa ai a irin wannan lokaci ba a wasa da ƙara, kuma ban ga laifinsu ba. Wata mata ta gurɗe a hannu garin tsallake taga, an tafi da ita asibiti. Da aka gaya mini, sai a lokacin kuka ya zo mini. Dattijuwar ta zaunar da ni a kan bulo, ta sa aka kawo ruwan leda, ta sha rabi ta miƙo mini sauran.

Baba da kansa ya raka ni a keke mai ƙafa uku har bakin layinmu. Da zan sauka ya ce, “Ki gaishe da mamanki. In kin ga ba za ki iya dawowa ba, ba komai.” Na tarar labari ya riga ni gida, wai an yi harbe-harbe a wani coci a Sabon Tasha. Mahaifiyata na tsaye a soro da waya a hannu. Na gaya mata gaskiya. Ta zauna a ƙasa.

Akwatin bai daina ɗauka ba duk tsawon abin. Na saurara sau ɗaya, ta makirufon da ke can baya kusa da ƙofa. Ana jin muryar mace tana ɗagawa tana sauka, amma ni kaina ban iya tsintar kalma ɗaya ba.

Mun koma bayan an yi sanarwa a coci ranar Lahadi, yayana ya rako ni. Mun fara zuwa gaida matar da ta ji ciwo, ta karɓe mu ba yabo ba fallasa. Bakaniken ne ya tsaya a bakin titi yana gaya wa masu wucewa kada su firgita. Bai ba ni haƙuri ba, ni ma ban nema ba. Abin da ya haɗa mu kawai, ya leƙo ya tambaya ko a kashe injin garejinsu, na ce eh, ya je ya kashe.

Da muka kwatanta, manhajar ta yi kusa da gaskiya a layukan gaba, inda murya ke isa kai tsaye. Daga tsakiya zuwa baya ta kauce sosai, don ba ta san abin da kwano tsirara yake yi wa ƙara ba. Abin da ya fi damun malaminmu shi ne taswirar ba ta nuna shakka a ko'ina ba, inda ta yi daidai da inda ta ɓata launinsu ɗaya wajen kyau. Muka shaida wa Baba su fara yin silin kafin su sayi lasifika ko ɗaya.

Ɗaki na gaba da muka auna na wata makarantar Islamiyya ne a unguwarmu. Kawuna ya yi sanarwa a masallaci, ni kuma na bi gidajen layin ina gaya wa mata. Ƙawata ta zo da gyale a kanta, ta zauna kusa da ni a bakin tebur. Ƙishirwa ta dame ta, amma ta ce ba za ta fita ba, ni ma ban tashi na bar ta ita kaɗai ba, sai da muka naɗe wayoyin muka fita tare.