Waɗanda Suka Sha a Ƙwarya Ɗaya

A gidanmu na Madabo ba a kashe wutar murhu idan an sauke tuwo. Iya, kakarmu ta wajen uba, takan jawo 'yar kujerarta, ta tura gyaɗa cikin toka mai zafi, mu kewaye ta tsakanin magariba da isha'i. Ni wurin zamana bayan turmi ne, inda hasken wuta ba ya kaiwa sosai. Iya ce ta raɗa mini Shiru-shiru, har sunan ya danne na yanka.

Shekarar da nake aji biyar na firamare, yayana Kabiru da Nura, ɗan baffanmu, suka kamu da son littattafan zane. A Ƙofar Wambai suke samo su wurin wani mai gwanjo, yawancinsu ba bango. A ciki akwai wani jarumi mai rufaffiyar fuska da mayafi a wuya, yana tsalle daga bene zuwa bene, da yaransa biyu matasa. In sun fita nakan saci kallo. Turancin ya fi ƙarfina, amma na lura da abu guda: duk sa'ad da jarumin ya juya baya, yaran nan hararar juna suke yi. Mai zanen yakan sa ɗaya dab da jarumin, ɗayan kuma can a bakin shafi, rabin jikinsa a yanke.

Mu ma muna da namu jarumin a unguwa. Yaya Bala tela ne da rana, ɗan sintiri da yamma, ya taɓa korar masu ƙwacen waya uku shi kaɗai. Kabiru da Nura, 'yan shekara goma sha biyar-biyar, suka mai da kansu yaransa. Nura ke riƙe masa gora, Kabiru ke riƙe tocila. 'Yan unguwa sun ɗauka rabon aiki ne kawai. Mu 'yan gida mun san dalili. Kabiru yana da dundumi, da rana ta faɗi ko tafin hannunsa ba ya gani in ba haske. Nura ne ke tafiya a hagunsa, yana taɓa masa gwiwar hannu in an zo kwata. Ba wanda ya san wannan a waje.

Sai wata Asabar da safe Yaya Bala ya cire usur ɗinsa ya rataya wa Kabiru a wuya. A soro Kabiru da Nura suka yi faɗan. Nura ya shaƙe shi da igiyar usur ɗin har idanunsa suka firfito, Kabiru ya kai masa karo a baki, leɓe ya tsage. Nura ya lalubo kwaɗon ƙofa ya kwaɗa masa a gira. Na tuna jinin ya ɗiga a kan littafin zanen, daidai fuskar yaron da ke bakin shafi.

Da la'asar aka aike ni niƙa. A kwanar lungu na ga Nura tare da samarin nan da Yaya Bala ya kora. Bai gan ni ba, dama ba a cika ganina ba. Na ji shi da kunnena yana cewa, "Ku dai fasa masa tocila, za ku ga makaho."

Da magariba Iya ta tsoma tsumma a ruwan zafi tana gasa wa Kabiru gira.

"Angona, wa ya rangaɗa maka wannan kwalli?"

"Faɗuwa na yi, Iya."

"To. Shi ma wancan mai leɓen raƙumi faɗuwa ya yi? Lallai ƙasar gidan nan ta iya dambe."

Ta ɗauki littafin a juye, ta ƙura masa ido. "Wannan mai zanen gado a wuya shi ne gwarzon naku? Mu namu ba ya ɓoye fuska. Ku matso, ga wata nan tafe."

Muka ce, "Ta iso mu ji ta."

Ta ce an yi wani ɗan tauri, Ƙi-Ƙarfe. Wuƙa in ta taɓa cikinsa sai ta lanƙwashe, mashi ya narke kamar man shanu a rana. Yana da yara biyu, Tanko mai ɗaukar wuƙaƙe da Jatau mai ɗaukar goran magani. Ranar da ya yarda da su, ya dama maganin tauri a ƙwarya ɗaya, ya sha, ya ba su suka sha. Amma kowane magani yana da makari, wato abin da ke karya shi. Sai ya ja Tanko gefe ya ce, "Makarin ɗan'uwanka sillen kara ne, ka tsare masa baya." Ya ja Jatau gefe ya faɗa masa haka game da Tanko. Kowannensu ya tafi yana jin shi kaɗai ke riƙe da ran ɗaya.

Iya ta zaro karan dawa daga cikin makamashi, ta ɓantaro ɓawonsa siriri, ta nuna mana kaifinsa a hasken wuta.

Suka shekara suna yaƙar 'yan fashin daji, baya da baya, suna ci a akushi ɗaya. Rannan Ƙi-Ƙarfe ya cire kambun damtsensa ya ɗaura wa Tanko. Jatau ya kwana bai runtsa ba. Da gari ya waye ya sami sarkin fashi ya ce, "In kun zo kan Tanko ku ajiye ƙarfe, sillen kara ne ajalinsa." Sarkin fashi ya dube shi ya ce, "Yaro, a ƙwarya nawa kuka sha maganin?" Jatau ya ce, "Ɗaya." Sarkin fashi ya miƙe. Ya sa aka sare gonar dawa guda, aka kwana ana fiƙe kara.

Ranar karo Ƙi-Ƙarfe ya buɗe ƙirji yadda ya saba, yana dariya, yana kirari. Sille na farko a maƙogwaro ya same shi, kirarin ya koma kakari. Na biyu ya shiga ido. Tanko ya faɗa kansa ya rufe shi da jikinsa, suka yi ta zuba masa har bayansa ya zama kamar na beguwa, jini ya cika sawun dawakai. Jatau yana ihu, "Ba shi na ce ba, ba shi na ce ba." Suka kama shi ma, suka tsattsaga masa tafin ƙafa da sillen, suka sake shi ya rarrafa gida.

"Jatau ya mutu?" in ji Kabiru.

"Ina fa. Ƙarfe dai bai fasa ƙin sa ba. Askar wanzami ta ƙi gashinsa, ya yi ta tsiro har yana jan ƙasa. Haka ya tsufa, in ya hangi gonar dawa sai ya zauna ya yi ta kuka. Nan ta tsaya, na karkaɗe zanena. In da ƙarya, tana wuyan wadda ta ba ni."

Nura yana ta tona toka da tsinke, bai ɗago ba. Ni kuwa, da ban taɓa yin tambaya a wurin tatsuniya ba, sai na ji muryata daga bayan turmi.

"Iya, da yake faɗa wa sarkin fashi, ba wanda ya ji?"

Ta juyo ta dube ni, ta dubi gyaɗar da na ɓare na tara a cinya ban ci ko ɗaya ba. 

"Akwai mana, Shiru-shiru. Kullum akwai mai ji. Sai dai tatsuniya ba ta riƙe sunan wanda ya yi shiru."

Ta jira. Aka kira isha'i. Ban faɗa ba. Ina tsoron Nura, ina jin nauyin Baffa, kuma na saba maganata ba ta wuce maƙoshi.

Kwana uku bayan haka, Kabiru yana dawowa shi kaɗai daga sallar magariba, aka jefi tocilarsa da dutse. Ya kama bango yana lalube. Samarin nan suka rufe shi da gora, suka karya masa haƙarƙari biyu, amma ya samu ya busa usur. Wanda ya fara isowa Nura ne, ba takalmi. Ɗaya daga cikinsu ya riga ya ɗaga adda. Nura ya tare da hannu. Yatsu biyu suka faɗi a kwata. Su ba su bambance wanda ya kawo musu labari da wanda aka sayar musu ba, har shi suka haɗa suka tattaka kafin Yaya Bala ya iso da jama'a.

A asibiti Nura ya faɗi abin da ya yi, da bakinsa, gaban kowa. Kabiru ya shekara bai yi masa magana ba. Yanzu shago ɗaya suke a Wambai, in magariba ta yi har yau Nura ke bin hagunsa, yana taɓa masa gwiwar hannu da yatsu uku.

Iya ta rasu ina ajin ƙarshe na sakandare. Na daɗe ina cewa don Nura ta yi tatsuniyar nan, kuma ba ta yi aiki ba tunda ya riga ya faɗa. Sai da na girma na gane Iya ba ta san me Nura ya yi ba. Ta dai ga jini a girar jikanta, ta ga wata yarinya ta kasa cin gyaɗa, ta buɗe mata ƙofa. Kwana uku ƙofar nan tana buɗe. Ni ma a akushin da suke ci nake ci, da na yi magana da yatsun Nura suna nan.

Shi ya biya nasa, an san sunansa, an yafe masa. Wadda ta ji a kwanar lungu da robar niƙa a ka, ba wanda ya taɓa tambayar ta. Sunanta Bilkisu.