Kwalbar Turaren Inna

Wata biyar bayan rasuwar Inna na gano yayana ya bayar da kwalbar turarenta. 'Yar shuɗiyar kwalba ce mai murfin gilashi. Tun aurenta turare iri ɗaya take ɗurawa a ciki, har ya daskare a gindinta kamar ƙaro. Zannuwanta an raba, an wanke, ƙamshin ya bi ruwa. Kwalbar nan kaɗai ta rage inda zan sa hanci in ji Inna. Shi kuwa yayana cewa ya yi ai fanko ce, wani tsoho mai tara kwalabe a Matameye ya roƙa, ya ba shi. Kwana uku ban gaishe shi ba.

Daga garinmu Kurni na hau kabu-kabu zuwa Matameye. Gidan bai yi wuyar samu ba, duk wanda na tambaya sai ya yi dariya kafin ya nuna min hanya. Tsohon falke ne, da ƙafa ta gaji da yawo ya mayar da zaurensa wurin nuna kayan gilashi. Da gaisawarmu na fara faɗin abin da ya kawo ni, ya ɗaga min hannu.

"'Yata, nan ba kasuwa ba ce. Cire takalmi, ɗaure mayafin nan a ƙugu kar ya share min 'ya'ya. Hannu a baya. Daga dama ake farawa."

Ina shiga na hango kwalbar Inna, can kan katako na ƙarshe ta hagu. Taku shida ne tsakaninmu. Taku shidan nan sai da suka ci min wuni.

Ya nuna min gilashin fitila goma sha wani abu, kowanne da tarihinsa. Kofunan shayi da ya riƙo a cinya tun daga Makka. Kwalaben magani na zamanin Nasara, tsakiyar ratayawa a wuya, wani madubi da ba ya nuna fuskar kowa. In na ce "to" don ya yi sauri, sai ya ɗauka daɗi nake ji, ya ƙaro bayani. Sau biyu ƙafata na zamewa hagu, sau biyu yana dawo da ni da bakin sandarsa. Raina in ya yi dubu ya ɓaci, ga hannu a baya kamar 'yar makarantar lakwal da ta yi laifi.

Muna tsakiyar layi na uku aka kira azahar. Ya kora ni cikin gida wurin matarsa, ya datse zauren da kwaɗo. Hajiya ta shimfiɗa min tabarma na yi salla, ta ce, "Ki yi haƙuri, ni ma sai da izini nake shiga." Da ya dawo ya manta inda muka tsaya, ya koma farkon layin.

La'asar ta kusa muka iso. Na ce, "Baba Alhaji, wannan ta mahaifiyata ce. Ba karɓa na zo yi ba. Don Allah buɗe min kawai in shaƙa."

Fuskarsa ta washe. Ya ɗauko ta da hannu biyu, ya ɗaga ta saitin taga, haske ya ratsa ta tas har gindi. Na duba gindin, ban ga daskararren turaren nan ba.

"Allah ya jiƙan ta, amma ba ta kula da ita ba. Da kin ga dauɗar da ke ciki! Kwana huɗu na jiƙa ta da toka da lemun tsami, na sa yashi na girgiza. Duba yanzu."

Ya cire murfin ya miƙo ta saitin hancina, bai sake ta ba. Na shaƙa, na sake shaƙa har ƙirjina ya yi zafi. Ko warin tokar babu.

Ya ga hawaye na zubo min, ya gyaɗa kai cike da jin daɗi.

"Ba ke kaɗai ba," ya ce. "Kowa ya gan ta sai ya ce ta fi duka kyau."