Miyar Cukun da Ba Nono a Ciki

Shekarar da muka rabu da uwar 'yata na koma wani ɗan gida mai ciki da falo a Springfield, kusa da birnin Washington, hawa na uku. Ita da yarinyar suka ci gaba da zama a Upper Marlboro. Ba a yi tsiya ba, ba a yi tonon silili ba. Zaman ne ya ƙare, manya suka sa baki har suka gaji. Abin da aka tsayar shi ne yarinyar za ta riƙa zuwa wurina Asabar ɗaya, ta tsallake ɗaya. A lokacin shekararta tara.

Sunan mahaifiyata ta ci, saboda haka ban taɓa kiran sunanta ba, Mamana nake ce mata. Tana jin Hausa sarai, amma da Turanci take ba ni amsa, in ban da gaisuwa. Wannan kam uwarta ta tsaya a kai. Da ta shigo za ta ɗan rusuna ta ce, "Baba, ina wuni," daga nan kuma Hausarta ta ƙare sai wani zuwan.

Ni ba mai girki ba ne. Cikin 'yan'uwa mata na tashi a Kano, ko albasa ban taɓa yankawa ba. Abin da na iya a sabon gidan bai wuce shayi da soya ƙwai ba, sai makaronin kwali, wanda ake haɗo shi da garin cuku a 'yar takarda. Ka dafa, ka tsane, ka zuba madara da bota, ka juya. Allah ya taimake ni yarinyar tana son sa kamar me. Shekara shida muka yi a haka. In ɗauko ta da hantsi, mu ci makaroni da kaza, ta yi aikin makaranta a teburin cin abinci, bayan la'asar in mayar da ita.

Sauran kwanakin kuwa jirgin ƙasa nake hawa zuwa Southwest Washington, wani ofishin gwamnati inda nake duba zanen gine-gine. Sai in yi kwana uku ban yi Hausa da kowa ba. In na dawo na buɗe ƙofa nakan yi sallama, saboda sabo, sannan in kunna fitila.

Wata Asabar, tana da shekara goma sha biyar, na ajiye mata faranti ta dube shi ba ta taɓa ba.

"Baba, na daina cin nama," ta ce da Turanci.

"To ture kazar, ki ci makaronin."

"Da madara. Da bota da ƙwai. Duk abin da ya fito daga jikin dabba."

Ta fara yi min bayanin yadda ake kulle shanu a manyan gonaki, ana raba su da 'yan maruƙansu. Ban bari ta kai ƙarshe ba, dariya ta kama ni.

"Mamana, mai sunanki da fura da nono ta raine mu. Abin da Allah ya halatta, ke ce za ki haramta?"

"Ban ce haram ba ne. Na ce ba na ci."

"Yayin 'ya'yan Turawa ne. Sati biyu kin dawo hanya."

Ta tashi ta buɗe firji, ba ta ga abin da za ta iya ci ba sai tuffa ɗaya da ta fara yamutsewa. Ita ta ci, a tsaye. A mota ta juya fuska wajen taga har muka tsallake gadar Potomac, har muka isa ƙofar gidansu.

Da Asabar ɗinta ta zagayo ta turo saƙo ta ce tana da aikin makaranta. Ta gaba ma haka. Wata biyu ban sa ta a ido ba. Na kira uwarta, ina tsammanin za ta goya min baya.

"Ni ma fama nake," ta ce. "Kullum shinkafa da wake, ko alale ba kifi. Amma ni ban yi mata dariya ba."

Muka yi sallama, na ajiye waya.

A ofis akwai wata dattijuwa, baƙar fata 'yar ƙasar, teburinta na kusa da nawa. Mun fi shekara biyar tare, hulɗarmu ba ta wuce gaisuwa da maganar aiki ba. Na taɓa jin tana gaya wa wata cewa likita ya hana mijinta madara. Sai da na yi kwana biyu ina juya tambayar a raina kafin na iya yi mata, ina jin nauyin a ce namiji kamata na tambayar girki. Ba ta nuna mamaki ba. Ta jawo wani tsohon ambulan, ta juya bayansa ta rubuta: dankalin Turawa biyu, karas ɗaya, rabin albasa, tafarnuwa, kashu, wato gyaɗar yazawa, cikin tafin hannu, ruwan lemon tsami, gishiri, ɗan mai. Sai wani garin yis mai ruwan ɗorawa, ba irin na burodi ba, ta ce shi ne mai ba da ɗanɗanon cuku.

"Ka dafa su lugub, ka niƙa da ɗan ruwan dahuwar," ta ce. "'Yarka ce?"

Na ce e.

"Za ta zo," ta ce, ta koma kan aikinta.

Na sha yawo a babban kanti kafin na gano yis ɗin, a layin da ban taɓa bi ba. Na tsaya na karanta jikin robar daga sama har ƙasa, kada a ce akwai giya ko alade a ciki. Na sayi bilenda, karo na farko a rayuwata.

Girkin farko ya fito kamar an zuba yashi, domin ba wanda ya gaya min ana jiƙa kashu. Na biyu na cika karas, ya yi zaƙi kamar abincin jarirai. A na uku na ce me zai hana in sa gyaɗa, tunda ita muka sani. Sai ga miyar gyaɗa sak, wadda tuwo kawai ta rasa. Ni kuma an horar da ni ba a zubar da abinci. Duk wanda ya lalace ni ke cinye shi, da safe a kan burodi, da yamma a kan taliya, ni kaɗai a teburin nan mai kujeru biyu. Sati uku ban ci wani abu ba.

A hankali na kama hannu. Na gane a jiƙa kashu tun safe. Na gane ruwan dahuwar kaɗan-kaɗan ake zubawa bilenda tana juyawa, har miyar ta yi santsi ta riƙa bin cokali. Launi ya yi, kauri ya yi. Amma in na ɗanɗana sai in ji dankali ne aka yi wa ado. Akwai wani abu can ƙasan harshe da cuku yake da shi, nawa ba shi da shi.

Ranar Lahadi nakan kira yayata a Kano, wadda ta goya ni. Da na ba ta labari sai da ta yi dariya har da tari.

"Ikon Allah! Kai ne a madafi? Cuku ba nono? Ai wannan fate ne, ƙanena."

"Yaya, ki bar dariya. Dariya ce ta ja min."

Ta san ni, ta ji abin da ke cikin muryata.

"To me ya rasa?"

"Ban san sunansa ba. Ɗanɗanon abin da ya kwana, ya ɗan yi tsami. Kin san warin cuku."

"Wadda na aiko maka bara tana nan?"

"Me?"

"Daddawa mana. Kalwa ce, daga bishiya take, ba ruwanta da dabba. Amma ka ji tsoron Allah, kada ka cika."

Tana nan kuwa, can ƙuryar firiza, cikin leda uku saboda kada maƙwabta su yi ƙorafi. Na gutsiri kamar ƙwayar wake, na jefa cikin tukunyar dankalin tana tafasa. Da na niƙa na ɗanɗana sai na ajiye cokalin. Na sake ɗanɗanawa. Ya yi. Na waiga kamar zan ce wa wani zo ka ji, na tsaya da cokali a hannu, ba motsin kowa sai ƙugin firji.

Na zuba a kan makaroni, na ɗauki hoto na tura mata. Na rubuta, na goge, na sake rubutawa. A ƙarshe abin da na aika shi ne: "Ba madara, ba bota. Ki yi haƙuri, Mamana." Sai washegari da azahar amsa ta zo, kalma ɗaya: "Asabar."

Ta ƙara tsawo a wata ukun nan, ta ɗan faɗa. Ta gaishe ni, ta zauna. Ta ɗebi kaɗan a bakin cokali mai yatsu kamar mai gwada magani.

"Kai ka yi, Baba? Ba saya ka yi ba?"

Na nuna mata bilenda a wurin wanke-wanke.

"Me da me ka sa?"

Na lissafa mata ɗaya bayan ɗaya, tana gyaɗa kai. Da na zo kan na ƙarshe ta zaro ido.

"Abin nan mai wari da Mama take sawa a miyar kuka?"

"Shi."

Ta ƙyalƙyale da dariya, ta rufe baki da hannu. Ta ce gishiri ya ɗan yi yawa. Sannan ta tashi da kanta ta ƙara. Ni ma shi na ci, ban sayi kaza ba ranar. Ba mu tada maganar da ta wuce ba. Da za mu tafi ta juye ragowar a roba ta rungume a cinya har gida.

Zan so in ce daga nan komai ya koma daidai, amma yaro girma yake yi. Ta sami aikin Asabar a wani shagon littattafai, ta yi ƙawaye, ta koyi mota. Zuwan ya koma sau ɗaya a wata, wani lokaci awa ɗaya ta ce ana jiranta. Ni dai duk Asabar da asuba nakan jiƙa kashu, ko Allah zai sa. Sau da yawa sai na gama fere dankali saƙo yake shigowa cewa ba za ta zo ba. In ƙarasa girkin, in raba shi a robobi, ya kai ni Laraba. Dattijuwar ofishinmu ta yi ritaya ta koma kudu. Ita kuma Mamana ta sami jami'a can gaɓar tekun yammacin ƙasar, tafiyar awa biyar a jirgin sama. Uwarta ta yi aure, ta haifi tagwaye.

A hutun hunturu na shekararta ta biyu ta dawo da zazzaɓi da mura, ta sauka gidan uwarta. Ranar wata Juma'a bayan na dawo masallaci waya ta yi ƙara, na ga lambar uwar. Rabon da mu yi magana tun ranar da aka raka yarinyar filin jirgi.

Bayan gaisuwa ta ce, "Ta ƙi cin komai. Wai miyar nan taka take so. Yaya ake yi?"

"In yi in kawo mana."

"Ba sai ka wahala ba. Faɗa min kawai, ga biro a hannuna."

Na faɗa mata. Ina magana ina jin gidan ta cikin wayar: talabijin, kukan ɗaya daga cikin tagwayen, muryar namiji yana tambayar ina makullin mota, can nesa kuma tarin 'yata. Ta yi godiya, muka yi sallama.

Washegari da hantsi saƙon Mamana ya shigo: "Na Mama ya yi ruwa. Kada ka gaya mata."

Na ɗora tukunya. Da azahar na naɗe kwanon cikin tawul, na ɗaura masa bel a kujerar gaba, na kama hanyar Upper Marlboro ana yayyafin ƙanƙara. Ban shiga ba, gidan wani ne yanzu. Na tsaya a bakin titi na kira ta. Ta fito lulluɓe da bargo, da silifas ɗin uwarta, hanci ja wur. Na miƙa mata ta taga.

"Koma ciki, sanyi zai ƙara miki."

"Ba za ka shigo ba?"

"Wani lokaci. Ki gaida mutanen gidan."

Ta tsaya riƙe da kwanon a ƙirji, tana ɗumama hannu da shi. Ta ce za ta zo kafin ta koma, in ta ji sauƙi. Na jira har ta rufe ƙofa sannan na tada mota.

Ba ta samu zuwa ba, hutun ya ƙare tana jinya. Bayan sati biyu wani direban tasi ɗan Nijar da muke sallar Juma'a tare, maƙwabcin uwar 'yata ne, ya tare ni a ƙofar masallaci da leda.

"Alhaji, saƙo ne daga gidan Hajiya."

Kwanona ne, an wanke shi tas. Na ji shi da nauyi. Sai da na isa gida na buɗe, na tarar an cika shi da dambun nama, mai yaji da citta, irin wanda rabona da shi tun ina da iyali. Ba takarda, ba komai. Na ɗebi kaɗan na ci a tsaye, ko rigar sanyi ban cire ba. Sauran na rufe na sa a firji, na riƙa tsakura da shayi kowace safiya, ya kai ni har ƙarshen wata.