Sallamar Gwaggo Ladi

Tun ana ce wa Suleja Abuja muke zaune a unguwar Magajiya, gidan Baffa, yayan mahaifinmu. Da an idar da magariba Kaka za ta tura doya cikin garwashi, mu yi mata zobe ta yi mana tatsuniya. Ni dai doyar ke kai ni, ba zan yi ƙarya ba.

Ran nan ba ta yi mana ta dariya ba. Ta ce an yi wani maigida da ƙanwarsa ta ƙaryata shi gaban baƙi. Bai zage ta ba, bai doke ta ba. Cewa kawai ya yi kada wanda ya ƙara amsa mata sallama. Ko sau goma ta yi, sai kowa ya sunkuyar da kai, har ta koma tana shafa jikinta ta ji ko tana nan.

"To, ta rasu a ɗakinta," in ji Kaka. "Kwana uku ba wanda ya sani, don sallamar ba ta daina ba. Kullum war haka, daga bayan zana."

"Kaka, wa ke yi?" na tambaya.

"Ke dai ci doyarki."

Wallahi ba ta rufe baki ba muka ji "Salamu alaikum" ƙasa-ƙasa a bayanmu. Na waiwaya da sauri. Gwaggo Ladi ce, ƙanwar Baffa, ta zo ɗiban wuta. Wata biyu ke nan Baffa ya hana a kula ta, don ta musa masa magana. Yana zaure, yana jin komai. Kaka, uwar da ta haife su, leɓenta ya motsa amma murya ba ta fito ba. Sai ta kafe ni da ido. Ni ce 'yar lelen Baffa, ni kaɗai ce ba zai taɓa ba, kuma na sani sarai. Na cika bakina da doya.

Gwaggo ta ɗebi wutarta a kasko ta juya. Kafin damina ta ɗaure kayanta ta bi mota zuwa garin Gawu. Ko rasuwar Kaka ba ta dawo da ita ba.

Yanzu jikokina na kallon wasannin talabijin, mugun maigida na ta ihu yana fasa farantai, su kuma suna tsine masa. Haushi abin yake ba ni. Baffa bai taɓa ɗaga murya ba, kuma da shi kaɗai ne da bai iya komai ba, mu muka yi masa aikin. Shekarata tara a lokacin, amma na gane abin da Kaka ta roƙe ni, na kuwa hana ta.