Yadda Goggo ta rama da Fillanci

Jama'a, ku zo ku ji abin da Goggo ta yi yau a Karaye!

Goggo yayar babana ce. Daga Turawa na ɗauko ta a babur, za ta yi rajistar takin zamani, kuma yau ake rufewa. Muka shiga ofis. Ma'aikacin ko gaisuwa bai ƙarasa ba ya fara: "Mama, ki yi sabmitin fom, mu yi furosesin, sai ki jira afrubal."

Na buɗe baki zan fassara, Goggo ta danne min hannu. Ta gyara mayafi, ta shiga zuba masa Fillanci, ko numfashi ba ta ja!

Ya zaro ido. "Mama, wallahi ban gane ba."

Ta ce, "To ɗan nan, mun zama mu biyu."

Ofis ya kwashe da dariya, har da shi! Ya taso ya rusuna. "Ina kwana, Mama? Kawo takardar mu duba, in an amince za mu kira ki."

Nan take aka rubuta sunanta. Goggo ta dube shi ta ce, "Ashe ka iya. To wa ya hana ka?"