Harsashin Kawu da Bututun Famfo

Jiya a unguwar Sharafiyya, nan ƙasa mai tsarki, warin narkakkiyar dalma ya tuna mini da Kawu. Maharbi ne can gida. Shekara talatin a unguwar Mahjar bai riƙe bindiga ba, amma bai daina ƙera harsashi ba, wai kada hannu ya manta. Yakan cusa shi a guntun bututun famfo a madadin bakin bindiga, yana auna zurfi da ɗan yatsa, yana cewa:

"Gaɓa ɗaya, halas, shi ke nan! In ya zarce, kafaɗarka za ta gaya maka."

Rannan yatsan ya maƙale. Ba shi da iƙama, takardar izinin zama, balle a je asibiti. Matarsa ta tsiyaya man zaitun tana ja, tana cewa, "Alhaji, yau dai bindigarka ta yi kamu."

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya sa ya wuce siraɗi bai maƙale ba.